Kwalbar da Gwaggo Ta Kai Yawo

Gwaggo ta yi ƙarya har biyu a kan ciwon ƙaninta. Ɗaya ta yi wa mai kuɗi, ɗaya ta yi wa mutanen gida, kuma ba yunwa ce ta sa ta ba. So take a ce ita ta haɗa auren da ya fi na kowa a dangi. Kada wani ya kira wannan kuskure ko son zumunci. Ƙarya ce, kuma mai furfura ce ta yi ta.

Wadda abin ya faɗa wa a ka ita ce Malama, 'yar ƙanin nata, mai koyar da 'yan aji huɗu. Shekararta ashirin da tara. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, daga ita sai Baba a gidan, har ranar da ciwo ya kawo Gwaggo da akwatuna uku ta ce jinya ta zo.

Baba tsohon direban bas ne. Ciwon daji aka samu a huhunsa, likita ya ɗora shi a kan wani magani da ake yi masa ƙarin ruwa da shi duk bayan sati uku. Ba irin mai zubar da gashi ba ne. Wannan garkuwar jikin mutum yake tasa, ta yaƙi cutar da kanta. Kuma ya karɓe shi. Bayan ƙaro na huɗu tari ya ragu, ya dawo cin abinci, ya dawo tsokanar mutane, wadda ita ce babbar alamar lafiyarsa.

Sai dai 'yar kwalbar nan, wadda ba ta fi babban yatsa ba, kuɗinta ya kai albashin Malama na shekara guda da rabi. Motar Baba ta tafi a kwalba biyu na farko. Filinsa ya tafi a ta uku da ta huɗu. Ƙaro na biyar ranar Alhamis ne, kuma ranar Litinin babu abin da ya rage a gidan da za a ɗaga a sayar sai firji, shi ma saboda maganin aka bar shi.

Ranar Litinin ɗin da la'asar Gwaggo ta shigo tana haki, rungume da akwatin sanyi fari ƙal.

"Ina mai ciwon? Tashi ka ga abin arziki!"

Baba yana kishingiɗe da rediyo a kan cikinsa. Ko ido bai buɗe ba.

"Yaya, in ba kwalba ba ce ki bar ni da labaraina."

"Ita ce kuwa."

Ya tashi zaune. Malama ta ajiye littattafan yaran da take dubawa. Gwaggo ta buɗe akwatin a hankali, sai ga ɗan kwalin maganin kwance tsakanin ledojin ƙanƙara, da rasiɗin babban kantin magani na gaban asibiti a manne.

Malama ta san amsa tun kafin ta tambaya.

"Gwaggo, wa ya saya?"

"Wa kike zato? Mutumin kirki, wanda kika yi wa wulaƙanci sau biyu bai yi fushi ba."

Ɗan Kwangila kenan, wanda ya ga Malama ranar da ya zo duba rufin makarantarsu, tun daga nan ya hana ta sakat. Da ta ƙi shi sai ya canza hanya, ya bi ta wajen Gwaggo da turamen atamfa da sabuwar waya.

Gwaggo ta gyara zama. "Ya ce duk sauran kwalaben ma a wuyansa suke, har ka warke sarai. Abu ɗaya kawai ya roƙa." Ta juya ta kalli Malama daga sama har ƙasa.

Baba ya kashe rediyon.

"Yaya, yarinyar nan tana da wanda take so. Shekara uku ke nan. Ciwon nan ne ya tsayar da maganar, ba don shi ba da yanzu ina da jika mai ja min gemu."

"Mai gyaran firji? Wanda hannunsa kullum kamar ya yi dambe da gawayi? Da sukundireba zai biya maka magani?"

"Rufe akwatin ki mayar masa."

"In mayar? Ranar Alhamis me za a sa maka, ruwan famfo?"

Baba ya juyo wajen 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa gare ta, bai taɓa kiran sunan ba.

"Uwata, ban ce ki yi ba. Kin ji ni? Ban ce ba."

Malama ta kalle shi. Ta ga kumatun da suka fara cikowa bayan wata shida suna rame, ta ga hannun da jiya ya iya ɗaga buta da kansa. Ta miƙe, ta ɗauki kwalin, ta nufi kicin.

"A tsakiyar firji ake sawa," ta ce, ba ta waiwayo ba.

*

Washegari daga makaranta ba ta wuce gida ba. Shagon Mai Firji ta nufa.

Shagon a bakin titi yake, matattun firji jere a ƙofarsa kamar marasa lafiya a layin ganin likita. Ciki warin walda ne da na mai, ga tukwanen gas a lungu, ga bututun jan ƙarfe a rataye a ƙusa. Shi kuma yana tsugune bayan wata tsohuwar firiza, ya kara kunne a jikin kwamfuresa yana saurare.

"Malama da kanta! Yau wane yaro ne ya ƙi yin aikin gida, aka zo huce haushi a kaina?"

Ba ta yi dariya ba. Ya goge hannu, ya jawo mata kujerar roba, ya share ta da gefen rigarsa, ya ƙara mata datti.

"Injiniya, zuwa na yi in roƙe ka abu."

"An ba ki. Mene ne?"

"Ka yafe ni."

Nan ta fashe da kuka. Ta gaya masa komai, tun daga farin akwati har maganar Baba. Ta ce babu wanda ya tilasta mata, ita ce ta auna. Ta ce in ta ƙi, ranar Alhamis ta wuce ba magani, ciwon ya dawo, da wane ido za ta kalli kanta? In kuma ta yarda, da wane ido za ta kalle shi?

"Shekara uku ka jira ni. Kai ka sa mana batir a firji saboda ɗauke wuta. Kai kake ɗauko maganin nan a babur, kana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Ga sakayyar da na yi maka."

Ya juya wani ƙaramin noti a tafin hannunsa. Idonsa ya yi ja, amma murya bai bari ta karye ba.

"Da ubana ne, abin da zan yi ke nan. Ba zan ce bai yi min zafi ba, don ƙarya zan yi. Ji nake kamar an zare min filogi." Ya numfasa. "A wane layi kika sa shi?"

"Me?"

"Maganin. A tsakiya? Ba a jikin ƙofa ba dai?"

Ta ɗago da hawaye shaɓe-shaɓe, ta harare shi.

"Ina gaya maka zan auri wani, kana tambayata layin firji?"

"To, Malama, in kin auri wani kuma maganin ya lalace, ai an yi biyu babu. Ki tabbata bai matsa sama wajen ƙanƙara ba. Zafi yana kashe shi, daskarewa ma tana kashe shi. Ɗan sarauta ne, ba ya son wahala ta kowane ɓangare."

Dariya ta ƙwace mata a tsakiyar kukan, ta rufe fuska da mayafi.

"Wallahi kai ba ka da zuciya."

"Ina da ita, a wajenki take, shi ya sa nake aiki da kai kawai. Jibi zan zo da akwatina in kai ku."

"Gwaggo ta ce kada ka zo. Motar Ɗan Kwangila ce za ta kai mu."

Wannan ta fi shigarsa. Ya ajiye notin.

"Shi ke nan. Dama Alhamis nake duba ɗakin sanyin kantin maganin nan na gaban asibiti. Tsallaken titi ne kawai. In Baba ya gama, ki ɗago min hannu ta taga, in san ya tafi lafiya."

Ta share hawaye ta fita.

*

Ranar Alhamis da safe Gwaggo ta riga kowa shiri. Kafin Malama ta fito daga wanka har ta haɗa akwatin sanyi ta rufe, ta ɗora a cinya ta dafe da hannu biyu.

"Gwaggo, bari in duba."

"Duba me? Na girmi ubanki, kwalba ɗaya ce za ta gagare ni?"

Mota ta zo, doguwa baƙa mai sanyi kamar ɗakin ajiye kifi. Baba ya shafa kujerar ya ce shekara talatin yana tuƙi bai taɓa zama a abin da ya fi gadonsa laushi ba, ya tambayi direban ko ana ba da hayar kujerar ita kaɗai.

Ɗakin ƙarin ruwa yana hawa na biyu. Kujeru shida ne masu kwanciya, kowacce da sandar rataye leda a gefenta. Nas ɗin ɗakin ta san Baba sarai.

"Direba ya iso! Yau ina za mu?"

"Duk inda kika ce, 'yata, ke dai ki samu jijiya a harbi ɗaya."

Ana gwada masa jini sai ga Ɗan Kwangila ya shigo, ƙamshin turarensa ya riga shi da taku biyar. Bayansa wani mutum ne rataye da kyamara.

"Baba, ya jiki? Hoto ɗaya za a ɗauka ina miƙa maka maganin. Don tarihi."

Baba ya kalli mai kyamarar, ya kalli 'yarsa, ya gyara hula. Malama ta ji kunya ta rufe ta har tafin ƙafa.

Mai haɗa magani ta fito daga ɗakinta, wata mata mai tabarau wadda ba ta ɓata kalma. Ta karɓi akwatin, ta buɗe a kan tebur. Sai ta tsaya.

Kwalin ya jiƙe ya yi laushi, an ɗaure shi da jan zare mai ƙyalli an yi masa fure a ka. Ta kwance zaren, ta zaro kwalbar, ta ɗaga ta wajen hasken taga. A cikin ruwan wani ɗan dunƙulen ƙanƙara ne yake yawo. Ta zaro ɗan katin da ke cikin kwalin, wanda launinsa ke canzawa in magani ya sha zafi. Ya rine gaba ɗaya.

"Wa ya ajiye maganin nan?"

"Ni ce," Malama ta ce. "A tsakiyar firji na sa shi, wallahi."

"Wannan ya sha rana, ya kuma daskare. Ban taɓa ganin wanda aka yi wa duka biyun ba." Ta cire tabarau. "Wa ya ɗaura masa zare?"

Duk ido ya koma kan Gwaggo.

*

Gwaggo ta yi wuƙi-wuƙi, ta gyara ɗankwali, ta ce zaren ai ado ne. Mai haɗa magani ta tsare ta da ido. Baba ya ce, "Yaya." A hankali ya faɗa, amma ya isa.

Nan zance ya fito guntu-guntu. Jiya Laraba, Malama tana makaranta, Baba yana barcin hantsi, Gwaggo ta ɗauki kwalin ta sa a jakar hannu ta fita. So take dangi su ga irin surukin da ta samo. Gida bakwai ta shiga. A kowanne sai ta fito da kwalbar an zagaya da ita hannu-hannu, an karanta rasiɗin, an kama haɓa. A gida na huɗu aka tsayar da ita cin abinci, jakar tana kan taga. Sai bayan la'asar ta dawo, ta taɓa kwalbar ta ji ta da ɗumi.

"Shi ne na sa ta sama wajen ƙanƙara ta kwana, don ta rama sanyin da ta rasa. Ai dabara na yi!"

Nas ta juya baya, kafaɗunta na girgiza. Wani dattijo da ke kujera ta uku da leda a hannu ya ce, "Inna lillahi," ya ƙara da dariyar da ta sa shi tari.

Malama ba ta ga abin dariya ba. Ta zauna a bakin kujerar Baba. Ta rabu da wanda take so saboda kwalbar nan, ga kwalbar ta zama ruwan banza.

Ɗan Kwangila ya matso wajen mai haɗa magani, fuska a murtuke.

"Hajiya, kin san nawa na biya? Ki jira ya narke ki sa masa mana. Magani ai magani ne."

"Ba zan sa ba."

"Zan ga abin da zan yi miki na shan ruwa."

"Ko gidanka za ka ba ni. Wannan in ya shiga jikinsa, mafi sauƙin abin da zai faru shi ne ya zama bai sha magani ba. Sai dai a kawo wata kwalbar. Likita zai iya ɗaga masa kwana biyu ko uku, ba fiye ba."

"Wata?" Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "To in na sayi wata shi ke nan an gama ko?"

Nas ta juyo. "An gama na yau dai. Bayan sati uku akwai na shida, sannan a yi hoto. In likita ya ga yana aiki, ana iya ci gaba har shekara biyu."

"Shekara me?"

Ya juya kan Gwaggo, ya nuna ta da makullin mota.

"Ba ke kika ce min kwalba ɗaya ce ta rage ba? Ba ke kika ce daga ita ya warke ba?"

Baba ya ɗaga gira. "Mu kuma cewa ta yi ka ɗauki duk sauran har in warke."

"Ni? Yaushe? Ni rijiyar mai gare ni?"

Gwaggo ta fara cewa ai da an ɗaura aure komai zai daidaita, ai suruki ba zai ga surukinsa a kwance ya ƙi ba. Babu wanda ya saurare ta. Ɗan Kwangila ya ce wa mai kyamara su tafi. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce wa Malama, ita dai ba ta da laifi, amma shi ɗan kasuwa ne, ba ya shiga aikin da ba a san ranar gama shi ba.

Baba ya ɗaga masa hannu. "Allah ya kiyaye hanya. Ka gaida kujerar motar nan."

Ƙamshin turaren ya jima kafin ya bi shi.

*

Malama ta tashi ta je taga. A tsallaken titi, gefen kantin magani, ga babur ɗinsa a jingine, ga shi kansa a kan tsani yana wanke injin ɗakin sanyi. Kamar an taɓa shi, ya ɗago. Ya ɗaga mata hannu yana murmushi. Ita ta kasa ɗaga nata.

Bai fi minti uku ba sai ga shi a ɗakin yana haki, rigar aiki duk ƙura. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Gwaggo wadda ta kau da kai. Mai haɗa magani ta nuna masa kwalbar. Ya kalle ta, ya rintse ido kamar an taka masa ƙafa.

"Wa ya yi wa ɗan sarauta haka?"

"Labarin da tsawo," Baba ya ce. "Ya zaga dangi."

Mai Firji ya tambayi ko ƙarfe nawa ake rufe haɗa magani. Aka ce sha biyu. Ya duba agogo, ya ce a ba shi awa ɗaya, ya fita da gudu.

Awar nan ta yi wa Malama tsawo. Tana tsaye a taga tana kallon ƙofar kantin. Me zai yi? Ta san abin da ke aljihunsa, ta san abin da ya tara don kama ɗaki, ko rabin rabin kwalba bai kai ba. Baba kuwa ya shiga hira da dattijon kujera ta uku a kan tsadar taya, kamar ba shi ake jira wa magani ba. Gwaggo tana lungu tana jan carbi da ƙarfi fiye da kima.

Sha biyu saura kwata ya dawo, tsohon akwatinsa shuɗi a ƙirji, yana takawa a hankali. Mai haɗa magani ta buɗe, ta duba kati, ta ɗaga kwalbar ga haske. Ruwa garau.

"Wannan magani ne," ta ce, ta shige ɗakinta.

Malama ta tare shi a baranda.

"Injiniya, me ka sayar?"

"Ban sayar da komai ba. Babur na nan, shago na nan."

"Kada ka yi min wasa. Me ka ba su?"

Ya sosa ƙeya. "Mai kantin yana da ɗakin sanyi a rassa uku. Duk wata ni nake duba su, in wani ya tsaya ni ake kira, ko ina cikin cin abinci. Ya daɗe yana so mu yi yarjejeniya ta dogon lokaci ina ja masa rai. Yau na sa hannu. Shekara biyu, ba zai biya ni ba. Shi kuma ya ba ni kwalba."

"Shekara biyu kana aiki kyauta?"

"Litinin da Alhamis ne kawai. Sauran ranakun firjin unguwa ba za su daina lalacewa ba, Allah ya yi musu albarka."

Ta jingina da bango, kukan ya dawo sabo.

"Shekaranjiya na zo har shagonka na ce ka yafe ni. Na zaɓi kuɗin wani a kanka. Me ya sa za ka yi haka?"

"Ba kuɗin wani kika zaɓa ba, Baba kika zaɓa. Ni ma shi na zaɓa, kin ga mun haɗu a tasha ɗaya. Kuma ki ji, Malama, ba sayen ki na zo yi ba. In kin ga wani mai doguwar mota gobe, ki shiga abinki."

"Allah ya sauwaƙe! Sanyin motar ma ciwon kai ya sa min."

"To share hawayen, yaran aji huɗu za su ce na dake ki."

Da suka koma ciki an riga an rataya ledar, ruwan yana ɗiga a hankali cikin siririyar roba zuwa bayan hannun Baba. Ya yafito su da ɗaya hannun. Nas ta riga ta kai masa labari, don a ɗakin nan magana ba ta kwana.

"Zauna, ɗana. Na ji abin da ka yi. Allah ya saka maka, amma bari in gaya maka gaskiya. Ban sayar da uwata ga mai kwangila ba, kai ma ba zan sayar maka ba."

Mai Firji ya sunkuyar da kai. Malama ta kafe ubanta da ido.

"Ba ka ita zan yi, kyauta, don kai take so, kuma tun bara ya kamata in yi. Ni ne na tsaya jiran in warke tukuna, kamar aure da ƙafafuna za a ɗaura shi. Ka turo manyanka ranar Asabar. Ka ce musu kada su zo da mai hoto."

Dattijon kujera ta uku ya ce shi shaida ne. Nas ta tafa hannu. Malama ta ɓoye fuska a kafaɗar ubanta, ya ce ta yi a hankali kada ta fizge masa aikin shekara biyu daga jijiya.

Gwaggo ta yi gyaran murya daga lungu. "Ni dai alheri na nufa."

"Na sani, Yaya. Gida bakwai sun shaida."

Ranar Juma'a Ɗan Kwangila ya aiko direbansa ya karɓe wayar da turamen atamfar daga hannun Gwaggo, har da wanda ta riga ta ɗinka. Ranar Lahadi dangi suka zauna, mutanen gida bakwai ɗin nan su ne a gaba, aka yanke cewa kwalba ta shida a wuyan Gwaggo take. Ta sayar da sarƙarta ta zinariya da awarwaro huɗu da rumfarta ta kasuwa ta biya. Baba ya sa an yi wa firjin kwaɗo, makulli ɗaya a hannun Malama, ɗaya a hannun angonta. Har ta gama zamanta a gidan, in Gwaggo tana son ruwan sanyi sai ta roƙa.